Mazubi Mai Ɗumi

Da tafin hannu abin ya fara. Malam Sharafaddeen ya buɗe shago da safe cikin markar watan Agusta, irin safiyar nan ta Jos da ko ƙarfen ƙofa ka taɓa sai ka yarfe yatsu. Ya jingine lemarsa, ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko mazubin murfin siginar Keke Napep, sai ya ji shi da ɗumi.

Ya tsaya riƙe da shi. Ba wani zafi ba ne can, ɗumi ne kamar na ƙwan da kaza ta tashi a kai yanzu-yanzu. Ya taɓa na kusa da shi, na maɓallin murhun gas, sanyi ƙalau. Ya taɓa na jan murfin danja, fitilar baya, shi ma sanyi. Na sigina kaɗai ne, su duka ukun da ke jere.

Sana'ar da suke yi shi da abokinsa Dachung ba kowa ya san da ita ba, ko a Titin Bauchin da shagon yake, can bayan layin masu faci. Ƙananan kayan roba suke zubawa, waɗanda in sun fashe ba a samun su a kasuwa, in ma an samu sai da tsada. Dachung ne mai yin mazubi. Zai ɗauki lafiyayyen murfi ya binne shi cikin wata roba mai laushi, in ta kama ya tsaga ta biyu da reza ya zare murfin, siffar ta zauna a ciki, ko ƙwarzane ba ya ɓacewa. Shi kuma Malam Sharafaddeen nasa haɗi ne. Ya tsiyayo rezin, wani ruwa mai kauri kamar zuma mai warin fenti, ya lakato kala da tsinken tsintsiya ya juya har ta yi masa, ya ɗiga maganin da ke sa abin ƙamewa, wanda suke kira hadna, sannan ya zuƙa da sirinji ya ɗura a mazubi. In ya ƙame, Dachung ya ɓare, ya goge, ya naɗe kowanne a jarida, ya kai wa masu saye. Haka suke tun kafin a haifi Amatullahi, autar Malam Sharafaddeen, ga ta yanzu har ta shiga sakandare.

To duk mai wannan aiki ya san cewa rezin in zai ƙame zafi yake fitarwa. Wanda aka zuba jiya da la'asar tuni ya huce. Ɗumin safe, zubin safe ne. Kuma zubin mai gaggawa, don sai an cika hadna roba take riƙe ɗumi haka.

Kwaɗo ɗaya ne a ƙofar, mukulli biyu. Ɗaya na aljihunsa.

Dachung ya iso lokacin da ya saba isowa, rana ta ɗan ɗaga, da ƙosai a takarda da hular sanyi har kunne.

"Malam Sharfu, an tashi lafiya? Wannan ruwa zai kashe mu. Ga ƙosai, tun bai huce ba."

"Lafiya lau. Ya su Yael da yara?"

"Suna nan suna cinye ni."

Suka zauna kan benci suna ci. Malam Sharafaddeen bai ɗaga kai ba, hannun Dachung yake kallo. A gefen farcen babban yatsa akwai wani ɗan ja-ja, ruwan goro. Dachung kuwa ba ya taɓa kala, ba aikinsa ba ne.

"Me ya same ka a farce?"

Dachung ya duba, ya goge a wando. "Goro ne."

"Yaushe ka fara cin goro?"

"Tun da na fara zama da tsoho."

Suka yi dariya tare. Amma idon Malam Sharafaddeen bai bar farcen ba.

Bai tayar da maganar ba ranar. Mutum ne da ba ya son ya ɗora wa wani abin da bai tabbata ba, balle Dachung. Shekarun da gari ya rikice, in hanya ta hana ɗaya fitowa ɗayan ne ke buɗe shago, ba a taɓa zama an yi wata magana a kai ba. Da mahaifiyar Malam Sharafaddeen ta rasu, Dachung na zaune a tabarmar ƙofar gida a Rikkos har aka share makoki. Amma dai ga mazubi da ɗumi. In har Dachung zagayowa yake da sassafe yana zuba nasa yana sayarwa a ɓoye, to shagon nan ya mutu. Shi bai iya yanka mazubi ba, kuma ba zai iya zama da mutum yana gadin hannunsa ba.

Washegari mazuban sanyi. Ya ji kamar an sauke masa kaya. Bayan 'yan kwanaki kuma ɗumin ya dawo. Daga nan ya fara lura da abubuwan da da ba ya kallo. Jarkar rezin tana sauka fiye da yadda yake ɗiba. Ya sa mata alama da farce a gefe, ya zo ya tarar ruwan ya yi ƙasa da alamar. Gwangwanin kalar ruwan goro an rufe shi, amma ba yadda yake rufewa ba, shi yakan juya rubutun wajen bango. Har tsinken tsintsiya ya tsinta a bayan ƙofa, bakinsa da kala.

Sai ya tuna wata magana. Tun farkon damina Dachung ya taɓa ɗaga wani murfi yana kallo, ya ce, "Malam Sharfu, kalar nan ba ta yi haske da yawa ba?" Shi kuma ya ce masa, "Dachung, tsaya a rezarka." A lokacin ya ɗauka magana ce kawai. Yanzu sai ya ga ashe tun can mutumin ya sa ido a kan haɗin.

A gida, bayan magariba, matarsa Kubra ta ajiye masa tuwo ta ga yana juya loma bai kai baki ba.

"Abban Amatu, miyar ce ko kai ne?"

Ya gaya mata. Ta saurara har ya gama, tana tsince ƙashin kifi.

"Ka tambaye shi mana."

"In na tambaya ya ce a'a fa? Na zama na kira shi ɓarawo ke nan, kuma ban san komai ba."

"In ya ce i fa?"

"Wa ya taɓa cewa i?"

"Ni dai Baban Siman da na sani," haka take kiran Dachung da sunan ɗansa na fari, "ko allurar ɗinkina ya tsinta sai ya aiko da ita."

"Mutum yana canjawa. Gari ya yi tsada." Ya ɗaga kai ya dubi ƙwan fitila. "Wutar nan kuma kullum ba ƙarfi. Ko lomar ba na gani sosai."

"Wutar lafiyarta ƙalau," in ji Kubra. "Ci abincinka."

Abin da ya ƙarasa shi a bakin titi ya same shi. Yana jiran mota wajen mararrabar Titin Bauchi, sai wani mai Keke Napep ya tsaya dab da shi yana sauke wata mata da buhun dankali. Idonsa ya faɗa kan siginar baya. Ya sunkuya ya shafa gefen murfin da yatsa. Ga ɗan tudun nan mai lanƙwasa inda ɓarin mazubi biyu ke haɗuwa, yankan Dachung ne, ko cikin duhu zai gane shi. Amma kalar ba tasa ba ce. Ta yi duhu, ta ƙone, kamar shayin da aka manta a wuta.

"Baba, lafiya? Ko kai ne na buge?" in ji mai keken.

"A ina ka sayi murfin nan?"

"Makanike ne ya sayo a Dilimi. In kana so in tsinke maka shi, ka biya."

"Shagon wa?"

"Kai, Baba! Za ka hau ko in wuce?"

Ya wuce. Malam Sharafaddeen ya tsaya da yatsa a miƙe. Abin da ya fi ƙona masa rai ma kalar ce. A ce mazubinsu ne ke yawo a gari da wannan ƙonannen abu, mutane su ɗauka haɗinsa ne.

Ya yi tunanin ya yi sammako ya laɓe bayan shagon mai faci. Amma da ya kwatanta kansa tsugune cikin tsofaffin tayoyi yana leƙen Dachung, sai ya ji kunya. Kuma in ya kama shi yana zubi, ai zai ce gwaji yake yi. Shi so yake ya san inda kayan ke zuwa, da wanda ke saye. Nan dabara ta zo masa, irin wadda mai haɗi kaɗai zai yi.

Hadna fari ne tas kamar ruwa, da ɗan santsi. A kan madubin Kubra akwai kwalbar gilisirin da take shafawa saboda kaushi, shi ma haka yake. Ya ɗebi kaɗan a wata kwalbar magani. Da yamma, bayan Dachung ya tafi kai kaya, ya juye rabin hadnan shago a wata kwalba ya sa a aljihu don nasa aikin, ya cike ta shagon da gilisirin, ya girgiza, ya mayar inda take. Ya san abin da zai faru. Mai gaggawa zai cika ɗigo, abin zai kama har a iya ɓare shi, a sanyin safe ya yi kamar lafiya. Sai ya kwana biyu a naɗe, ko rana ta taɓa shi, zai fara danƙo ya saki jiki. Duk ɗan kasuwar da aka ji yana kuka da murfi mai danƙo, to shi ne abokin sirrin Dachung.

Ya rufe shago ya kama hanyar gida. Ya ce a ransa, in dai mutumin bai taɓa ta ba, ai ba abin da zai same shi.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi masa nauyi. Dachung na zuwa da ƙosansa da surutunsa, shi kuma yana amsawa da rabin baki. Wata safiya ya tarar an matsar da kwalbar. Mazuban ba su yi ɗumin da suka saba ba, amma cikinsu da maiƙo. Ranar Dachung ya iso yana ta shinshina yatsunsa yana tsaki.

"Wannan damina, Malam Sharfu, komai ba ya bushewa. Ko wandona na Lahadi bai bushe ba."

"Haka ne," in ji shi. Abin da yake jira ke nan, amma bai ji daɗinsa ba.

Sau biyu yana zuwa Dilimi da sunan neman sirinji, yana bin layin masu kayan gyara a hankali, kunne a buɗe. Ba wanda ya ji yana maganar danƙo.

Maganar ita ta zo ta same shi har shago. Da hantsi ne, rana ta ɗan leƙo, su biyun suna ciki, sai ga Oga Hyginus da kwali a ka, yana haki. Shi ne babban mai sayen murfin sigina a wurinsu tun fil azal, ɗan kasuwa ne a Dilimi, mai faɗa da dariya lokaci ɗaya. Ya dire kwalin kan tebur.

"Ku mutanen nan, me na yi muku? Abeg ku duba! Alawa na ce ku yi mini?"

Ya zaro ɗaya. Jaridar ta manne a jikin murfin, rubutu ya fito a kai baibai. Ya danna da yatsa, wurin ya lotsa. Kalar kuwa ita ce ƙonanniyar nan.

Malam Sharafaddeen ya dubi murfin, ya dubi Dachung. Ashe Hyginus ne. Har da Hyginus, wanda suke gaisawa da hannu biyu.

"Oga Hyginus," ya ce a hankali, "tun yaushe kake karɓar kaya biyu? Namu daban, na Dachung daban?"

"Wane biyu? Oga Sharafa, kwali ɗaya nake karɓa, wanda na saba. Shi ne wannan. Ko akwai wani ana ba ni ban sani ba?"

"Wannan ba haɗina ba ne."

"To na wa ne? Ni dai tun da na dawo da waɗancan fararen, na ce wa Dachung in ba za ku gyara kala ba zan koma sayen na Legas, kaya ya dawo daidai, kwastoma ba ya magana. Sai yau kuma wannan."

"Waɗanne fararen?"

Hyginus ya buɗe baki, ya dubi Dachung. Dachung na kallon ƙasa, yana kankare busasshen rezin a tebur da reza.

"A'a," in ji Hyginus. "Ni ba ruwana. Ku daidaita tsakaninku. Ranar Asabar ina son kayana, masu tauri." Ya fita yana goge yatsa a bango.

Dachung ya ajiye rezar. Ya shiga lungun da suke tara tsofaffin mazubai, ya jawo wani buhun taki daga ƙarƙashinsu, ya kwance bakinsa. Cike yake da murfin sigina. Ya ɗauki ɗaya, ya ɗauki ɗaya daga cikin nasa na baya da ke aljihu, ya ɗaga su wajen hasken ƙofa.

"Wanne ne daidai?"

"Wannan," in ji Malam Sharafaddeen, ya nuna na buhun. Ga shi nan ruwan goro sosai, kamar yadda yake yi shekara da shekaru. "Ɗayan ya ƙone."

Dachung bai yi musu ba. Ya leƙa waje ya ƙwala kira. "Mama Gertrude! Zo don Allah, minti ɗaya."

Matar da ke gasa masara a bakin layin ta shigo da mafici a hannu, tana mita masararta za ta ƙone.

"Mama, wanne ne kalar siginar keke?"

"Wannan mana," ta nuna na Dachung. "Shi ne kamar lemo."

"Ɗayan fa?"

Ta karɓa ta juya shi. "Wannan ai... ku yi haƙuri, Malam, kamar fitsarin jariri. Wa ya yi shi?"

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye murfin a hankali, ta koma wajen masararta.

Malam Sharafaddeen ya ɗauki nasa ya kai kusa da ido, ya nisanta, ya rufe ido ɗaya ya buɗe ɗaya. Da na hagu ya ɗan yi haske. Da na dama ruwan goro ne, har farin bangon ma ruwan goro-goro yake gani. Ya daɗe yana haka.

"Me ka sa a hadna?" in ji Dachung.

"Gilisirin. Na Kubra."

Dachung ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Na Maman Amatu ma. Ni kuwa ina ta zagin damina."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Na gaya maka. Ka ce in tsaya a rezata."

"Sai ka sake faɗa."

"In ce maka me? Malam Sharfu, idonka ya tafi? Kai da in an yaba kalarka kake wuni kana murmushi? Na ce bari in riƙa zuba wasu da safe ina ɓoye naka a buhu, kafin in san yadda zan ɓullo maka. Yael ma ta ce wauta nake yi." Ya ja numfashi. "Amma kai fa, bakinka ciwo yake? Kullum a takarda ɗaya muke cin ƙosai. Ka ce, Dachung, wa ke shiga shago da safe? Shi ke nan. Sai ka ɗana mini tarko kamar ɓera."

Da a nan aka tsaya, da wataƙila kafin la'asar sun shirya. Amma zargi in ya daɗe a cikin mutum ba ya fita lokaci ɗaya. Malam Sharafaddeen yana jin kunya har wuya, duk da haka wani abu a ransa yana cewa, wa ya sani ko duka a kwalin Hyginus suke tafiya? Bai san lokacin da ya kama bakin buhun ya ɗaga shi ba, yana jin nauyinsa a hannu, idonsa ya tafi kan jarkar rezin.

Dachung ya gan shi.

"Auna da kyau," ya ce. "Ko in aro maka sikelin mai nama?"

"Ba haka ba ne, Dachung."

"Haka ne."

Dachung ya cire mukullinsa daga zoben, ya ajiye kan tebur. Ko mazubi ɗaya bai ɗauka ba, duk da shi ya yanka su. Ya ja hularsa har kunne ya fita.

Asabar ta zo ta wuce, Hyginus bai sami kaya ba. Malam Sharafaddeen yana buɗe shago ya zauna. Sau ɗaya ya gwada haɗi, ya lakato kala, ya ƙara, ya sake ƙarawa har ta yi masa duhu, sannan ya tsaya da tsinke a hannu bai san ko ya kai ko ya wuce ba. Kiran Mama Gertrude kuwa ya fi ƙarfinsa. Ya bar abin ya ƙame a gwangwani.

Kubra ce ta tasa shi gaba zuwa asibitin ido. Likita ta haska, ta ce yanar ido ce, ta idon dama ta fi nisa, ana cirewa, amma sai an ba shi rana. A hanyar dawowa Kubra ba ta ce ai na gaya maka ba. Abin da ta ce kawai, "Ka biya ni gilisirina." Da suka kusa gida kuma ta ce, "Gobe Lahadi. Bayan sun taso coci yana gida."

Ya je Anguwar Rukuba da leda a hannu. Yael ce ta buɗe ƙofa, ta gaishe shi da ladabi kamar kullum, amma ba ta tsaya tambayar su Amatullahi ba. Dachung na zaune a tsakar gida da rigar coci, yana gyara wa wata kujera ƙafa. Ya nuna masa benci.

Malam Sharafaddeen ya zazzage ledar a gabansa. Gwangwanayen kala ne, ja da ruwan goro da baƙi da shuɗi.

"Haɗi ya zama naka," ya ce. "Ko an gyara idon, naka ne. Ni in riƙa ɓarewa ina gogewa, hannu dai yana gani. Na zalunce ka, Dachung. Ka yafe ni."

Dachung ya ci gaba da buga ƙusa har ta shige. Sannan ya ɗauki gwangwanin ruwan goro yana juya shi.

"Haɗina bai kai naka na da ba," ya ce. "Hyginus bai sani ba ne kawai. Nawa yana yin gajimare a gefe."

"Juyawa kake da sauri. Zan nuna maka."

"Hm."

Yael ta kawo ruwa ta ajiye ta koma. Kaji na ta tono a gindin bango.

"Zan dawo," in ji Dachung. "Amma za a sa kwaɗo biyu a ƙofa. Naka daban, nawa daban. Ba mai shiga sai ɗayan yana nan."

"Haba, Dachung. Ba sai an yi haka ba. Wallahi na yarda da kai."

"Na ji. Ni ne ban yarda ba. Gobe jarka ta zube, ko ɓera ya ture gwangwani, ba na son in riƙa kallon fuskarka ina tunanin me kake tunani. In ka yarda da kwaɗo biyu, to. In ba ka yarda ba, ga kalarka."

Malam Sharafaddeen ya so ya ƙara magana, ya ga ba wurinta. Ya ce ya yarda.

Ranar Litinin ya riga kowa isowa layin. Sabon kwaɗo na rataye a ƙasan tsohon, Dachung ya aiko an saka tun jiya da yamma. Ya buɗe nasa, ya riƙe shi a hannu, ya tsaya a ƙofar shagonsa kamar baƙo. Yayyafi ya fara. Mai faci ya zo ya buɗe, ya ce, "Malam, mukulli ya ɓace ne?" Ya ce a'a, jira yake.

Rana ta ɗaga bayan gajimare, lokacin zuwan Dachung ya yi, ya gota. Nan take abin nan ya sake motsawa a ransa: ko dai dabara ce, ya kulle shi waje ya tafi ya buɗe nasa a wani wuri, ga kala a hannunsa? Ya yi a'uziyya, ya tofar. Tunanin ya tafi ya dawo.

Can sai ga wani yana tsallako titi tsakanin motoci, duƙe cikin ruwa. Ya ƙanƙance ido. Tsawon ya yi kama, tafiyar ma haka, amma fuskar ta narke masa cikin yayyafi. Ya rufe idon dama ya duba da na hagu, bai tabbata ba. Mutumin ya matso, ya matso, har ya zo dab.

"Malam Sharfu, matsa mana in buɗe, ka tsaya kamar soja. Mai ƙosan ce ta makara, na tsaya jiran kaskon farko. Riƙe nan, da zafi."